Yadda Za Ka Yi Bitar Wasan Ches Bayan Gasa

In kunka gama wasa kada ka cusa takardar motsinka aljihu ka wuce. Zauna da abokin karawarka tun abin na da ɗumi, ku sake jera allo, ka tambaye shi mi ya hango da ya tura dokinshi wani gida bisa allo, misali f5, don sau da yawa abin da kake tsoro shi bai ma lura ba. Ka fi maida hankali wajen ƙarshe, inda agogo ya matsa ga zafin Sakkwato ga gajiya, nan hannu ke riga kai. Rubuta naka tunani tukuna wallahi wanga shi ne muhimmi, sannan ka sa wasan a Lichess, shafin ches na intanet, Stockfish, injin kwamfuta mai nazarin wasa, ya nuna maka inda ka saki.