Babi na 7: Sulhu ko Tahkimi Idan Ciniki Ya Rikice

Darasi na ɗaya

A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya ba abokin cinikinsa dilar atamfa bashi a kan rubutacciyar yarjejeniya, da lokacin biya ya yi sai wancan ya ce ba irin kayan da aka yi alkawari ba ne. Kafin a kai ga shari'a akwai hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce sulhu. Mai sulhu yana zaunar da ku, ya saurari kowa, ya taimaka muku ku daidaita, amma ba shi da ikon yanke hukunci, kuma babu abin da zai hau kanka sai wanda ka amince ka sa wa hannu. Ta biyu ita ce tahkimi, wato ku naɗa wani masani ya saurari hujjojinku ya yanke hukunci. Hukuncinsa ya hau kanka ko ka so ko ka ƙi, kuma kotu tana iya tilasta a bi shi.

Darasi na biyu

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Dokar tahkimi da sulhu ta tarayyar Najeriya ta 2023 ta ce yarjejeniyar tahkimi sai a rubuce, kuma yawanci tana cikin takardar cinikin, can wajen ƙarshe, inda ido ya riga ya gaji. Kafin ka sa hannu, Alhaji, nemi sakin layin da ya faɗi abin da za a yi idan an sami saɓani. Ɗora yatsa a kansa, ka karanta da ƙarfi. Idan da Turanci ne, a fassara maka. Hajiya, ke ma haka, kada ki ji nauyin cewa a maimaita.

Sai ka tambaya: wanda za mu je wurinsa, shawara zai bayar ko hukunci? Sake tambaya. Idan aka ce hukunci, to tahkimi ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara don kawai hukuncin bai yi maka daɗi ba. Dalilan soke shi kaɗan ne, wa'adin nema kuma wata 3 ne.

Abin takaici, mutum zai ƙirga yadi sau uku, amma ya dangwala yatsa a takardar da bai ji abin da ke cikinta ba, wai don kada a ce bai yarda da mutane ba. Wannan sakaci ne. A karanta sakin layin kafin a sa hannu.

Darasi na uku

Idan kana son ci gaba da hulɗa da mutumin, fara da sulhu, a wurin shugabannin kasuwa ko cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kano da aka buɗe a 2009. Idan kuɗin na da yawa kuma amana ta ƙare, tahkimi ya fi, sai dai ku ne za ku biya mai hukuncin.

Darasi na huɗu

A rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya riƙe kwafinsa.