Yadda ake gane ko na'urar saita mai ta cancanci kuɗinka kafin ka jona wa babur

Kusan duk Juma'ar da muka haɗu a bakin Kornish ɗin Jidda bayan la'asar sai maganar nan ta taso. Wani ya canza salansa mashin ya fara tari, wani kuma ya gani a YouTube wai akwai ɗan akwatin da za ka jona shi kenan ya riƙa saita maka mai da kansa kana tafe, ba ruwanka da bakanike har abada. Ni dai na saya na saka, na sha wuyarta na kuma ci moriyarta, to bari in faɗa muku yadda zan bi da a ce yau zan fara.

Matakin farko, leƙa ka ga wane irin mashin gare ka. Idan mai kafireto ne, irin ƙananan baburan nan da ake kai saƙo da su waɗanda a nan Saudiyya ake ce wa dabbab, khalas, maganarka ta ƙare a nan, babu wayar da za a jona domin babu ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar inji, da ke ba da mai. Naka gyaran na jet ne da allura da sukurun iska, mu'allim ɗin unguwa, wato bakanike, ma zai yi maka. Abin da muke magana a kai na masu injekta ne, wato mashinan da ƙwaƙwalwa ke auna musu mai tana fesa wa inji.

Na biyu, ka fahimci me akwatin yake yi, don a nan ake yi wa mutane romon baka. Inji yana ƙona iska da fetur ne a gauraye. Awon da fetur ke ƙonewa tas shi ne kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, da nauyi ake aunawa. Kamfanoni suna saita mashin kusa da wannan awon lokacin tafiyar yau da kullum saboda dokokin hayaƙi, amma inda inji ya fi ba da ƙarfi kuma ya fi sanyi wajejen 13 ne ko ƙasa kaɗan, wato mai ya ɗan fi yawa. Shi ya sa sabbin mashina da yawa suke fizga in ka ɗan taɓa totur a cikin zahma, wato cunkoson motoci, kuma zafinsu yake dukan cinya, balle a watan Yuli a Makka da zafi ke haura digiri 45. To ita na'urar, sensa take sakawa a cikin salansa tana shinshinar iskar da ta rage a hayaƙi, ta kwatanta da awon da kai ka ce kana so, sai ta ƙara mai ko ta rage. Iyakar aikinta kenan. Ba ta ƙara girman fistin, ba ta mayar da inji mai cc 400 ya koma mai 600. Gyara take yi wa abin da ya kauce.

Kuma ba duka ne iri ɗaya ba ko da yake a kasuwa suna ɗaya ake kiransu. Akwai Autotune na kamfanin Dynojet na Amurka, shi ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da Power Commander, ke nan akwati biyu za ka saya, kuma yana zuwa da tasa sensar mai faɗin gani wadda ake ce wa waidban. Akwai Rapid Bike na Italiya da ke iya aiki da sensar da ta zo da mashin. Masu Harley sun san Fuelpak na Vance & Hines da ake sarrafawa daga waya. Sai kuma irin su BoosterPlug na Denmak, wannan ba saita kansa yake yi ba sam, yaudarar ƙwaƙwalwar inji yake yi ya ce mata iskar waje ta fi sanyi da digiri 20 don ta ƙara mai kamar kashi 6 cikin ɗari. Bambancin sensar nan ka riƙe shi: ta asali abin da ta iya faɗa kawai shi ne an haura 14.7 ko an gaza, ita kuwa waidban tana gaya maka ainihin lambar. In mai sayarwa ya kasa gaya maka wacce kayansa ke amfani da ita, ka yi masa sallama.

Na uku shi ne tambayar da ba a so. Me ka canza a mashin ɗin? Idan komai na kamfani ne, ko kuma wutsiyar salansa kawai ka canza don ƙara, wallahi yawanci ba ka bukata, ƙwaƙwalwar asali tana iya cike wannan ɗan giɓin. Wanda ya canza salansa gaba ɗaya tun daga bakin inji, ya sa iyakilina mai shaƙar iska da yawa, shi ne jadawalin mansa, wato lissafin da ƙwaƙwalwa ke bi wajen ba da mai, ya tashi daga daidai, kuma shi ne zai ji bambanci na gaske.

Wani ɗan uwa ya ce min ai shi saboda hawan Ɗa'ifa yake so, tunda Jidda a bakin teku take ita kuma Ɗa'ifa ta kai mita 1,800 a sama, iska ta fi sirara. Na ce masa Alhaji ajiye kuɗinka, mashin mai injekta yana da sensar matsin iska tun daga kamfani, yana rage mai da kansa in kana hawan Hada, dutsen da ke kan hanyar Ɗa'ifa. Mai kafireto ne ke shaƙewa a can, shi kuma na'urar ba ta hawa kansa.

Na huɗu, yi lissafi. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, sannan ga harajin kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020. Mu ce ka ga kayan dala 300, ya zama riyal 1,125, da haraji ya doshi 1,300, ba a sa kuɗin jigila da na walda da na mai ɗaurawa ba. Fetur 91 kuwa an tsayar da shi a riyal 2.18 lita tun Yulin 2021, 95 kuma 2.33. Kuɗin nan kusan lita 600 ne. Duk wanda ya ce maka za ta mayar maka da kuɗinka ta tsimin mai, tatsuniya ce, sau da yawa ma ƙara sha take sa mashin tunda ƙara masa mai ake yi. Daɗin totur kake saya da lafiyar inji, in sun kai wannan kuɗin a wurinka to bismillah. Kafin nan kuma ka shiga Sina'iyya, unguwar makanikai, ka tambayi nawa ake saita mashin sau ɗaya a kan daino, injin da ake ɗora babur a kai a gwada ƙarfinsa yana wuri ɗaya, ko a sake rubuta ƙwaƙwalwar asali. Ga wanda ya gama canje-canjensa ba zai ƙara taɓa komai ba, wannan ya fi min hankali. Na'urar ta fi dacewa da mai ƙaiƙayin hannu, yau wannan salansa gobe waccan, ko wanda ke zaune a garin da babu daino kusa.

To ka ce ka ji ka gani. Mataki na biyar, kar ka jona komai sai mashin ya zama lafiyayye, kuma nan ne ni na ci ƙasa. Na ɗaura tawa cikin zumuɗi, na yi kwana uku ina yawo ina karɓar duk gyaran da ta kawo, kullum sai in ga tana ƙara mai a ƙananan gudu, ni kuma ina murna wai tana koyo. Rana ta huɗu mashin ya fara nauyi, in na tsaya a danja warin ɗanyen fetur ya tashi, har a gida aka tambaye ni ko a gidan mai na koma aiki saboda yadda jallabiyata ke wari. Na kwance fulogi na ga baƙi ƙirin, toka-toka kamar gindin tukunyar da aka ɗora a murhun itace, in ka shafa ya biyo yatsa. Wani dattijon mu'allim ko kallon kwamfutar bai yi ba, ya ce tayar da shi yaro, ya kai bayan hannunsa kusa da mahaɗar salansa ya ce ji nan. Iska ce ke fita fuf fuf daga gaskit ɗin da ya tsage. Ta wannan tsagar iskar waje ke kutsawa, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ita kuma na'ura ta yi ta ƙarawa. Gaskit na 'yan riyaloli.

Saboda haka duba mahaɗan salansa duka, canza fulogi, saita bawul in lokacinsa ya yi, ka tabbata batir na da ƙarfi, sannan iyakilina, wanda ƙurar ƙasar nan ke toshewa da wuri fiye da yadda littafin mashin ya ɗauka. Mashinan Japan da yawa kuma suna da wani tsari da ke hura sabuwar iska cikin salansa don ƙone ragowar mai, Honda da Suzuki suna ce masa PAIR, Yamaha kuma AIS. Dole a toshe shi lokacin saiti, in ba haka ba irin ƙaryar da gaskit ɗina ya yi shi ma zai yi.

Na shida, ɗaura sensa. In salansar ba ta da rami sai an huda an yi waldar noti mai zare M18, kafin inda ake tace hayaƙi, kuma nesa da bakin wutsiya don kar iskar waje ta dawo mata. A ɗan karkata ta sama, kar ta kwanta ko ta kalli sama daga ƙasan bututu, saboda ruwan da ke taruwa da safe yana kashe ta. Wayoyi a ɗaure su nesa da zafi. Wannan kam ba wuya.

Na bakwai shi ne saitin kansa, kuma sunan "mai saita kanta" ya ɗan yi ƙarya a nan don kai ne za ka ba ta awon da za ta bi. Fara adana jadawalin farko a kwamfuta da suna da kwanan wata, komai ya rikice ka dawo kansa. Ni a tafiyar tsaka-tsaki ina barin 13.5 zuwa 13.8, a cikakken totur kusa da 13. A cikin jadawalin, layin da totur ke rufe da na silo, wato inji na aiki mashin na tsaye, ka bar su babu saiti, domin in ka saki totur karatun sensa shirme ne, za ta cika wurin da mai ba dalili. Ka taƙaita mata iyakar ƙari da ragi, kamar kashi 10, kar ka sakar mata mara. Kuma akwai yankin da ƙwaƙwalwar asali ke gyara kanta da tata sensar, in ba a sa abin da zai sasanta su ba sai su yi ta ja-in-ja, wannan ta ƙara waccan ta rage, kai kuma kana jin mashin na rawa.

Sai hawa. Bari inji ya yi zafi tukuna, ka fita da dare ko bayan asuba, ka riƙe totur a wuri ɗaya na ɗan lokaci a kowace giya, ba fizge-fizge ba, a hankali take ɗauka. Da ka dawo buɗe jadawalin gyaran ka kalla da idonka kafin ka karɓa. In ka ga gida ɗaya a cikin jadawalin ya ce ƙara 15 alhali makwabtansa na cewa 2 ko 3, wannan ba gaskiya ba ne, goge shi ka daidaita da hannu. Zagaye biyu ko uku sun isa, da lambobin sun koma ƙanana ka tsaya. Amma fa gidajen can sama, cikakken totur a giya ta huɗu, ba za ka kai su a titi ba sai ka yi gudun da Sahir, kyamarorin kama masu gudu, zai aiko maka da saƙon tara, don haka ko da na'urar wannan ɓangaren na daino ne.

Ni da na gama sai na kashe saitin, na cire sensar na toshe ramin da ƙusarsa, tunda ita ma tana tsufa da zafi da hayaƙi kuma ba arha gare ta ba. Tana cikin kwali sai ranar da na sake canza wani abu. Salansar asali da iyakilinanta su ma suna nan a ɗaure bayan ƙofa, saboda ranar fahas, wato binciken lafiyar abin hawa, da kuma Murur, 'yan sandan hanya, da ba sa wasa da mashin mai ƙara ko wanda aka sauya ba bisa ƙa'ida ba. In kuma naka sabo ne yana cikin garanti, ka fara tambayar wakala, wato dillalin kamfanin, a rubuce ko jona wani abu a wayoyin injekta zai soke shi, kafin ka yanke ko waya ɗaya.