Yadda nake shirya wasan Lambun Aljanu don koya wa yara lissafin siffofi

Duk Asabar bayan la'asar yara shida ke taruwa a tsakar gidanmu a Gwammaja. Nakan ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," amma wannan tatsuniyar su ne mutanen cikinta. Wani ya zama maharbi, wata 'yar sarki, wani magini, ni kuma bakin aljanar da ke gadin lambun. Kowa na riƙe da tsakuwa uku, su ne guzurinsa. Kayan aikin ba su da tsada: igiya, ƙusoshi manya guda huɗu, gawayi, sanda mai tsawon mita 1, da dayis ɗin ludo.

Abin da na fi dagewa a kai shi ne kada aljanar ta yi tambaya irin ta jarrabawa. Ƙofa ce a rufe, siffar da yara suka zana da hannunsu ita ce mabuɗinta.

Ki fara da fangali. Aljana ta ce ruwa ba zai shiga ba sai kusurwarsa ta miƙe sak. Tun kafin yara su zo, ki ƙulla igiyar ta zama zobe mai tazara 12 daidai wa daida. Ki miƙa musu, ki yi shiru. Za su ja nan su ja can, su yi gardama, har ɗaya ya ce, "Gwaggo, ki faɗa mana mana!" Kada ki faɗa. In yara uku suka riƙe igiyar ta ɗame, gefe ɗaya tazara 3, ɗaya 4, ɗaya 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 digiri 90 ce cif. Da wannan awon magina ke daidaita kusurwar ɗaki lokacin fitar da harsashi. Sai ruwa ya shiga fangali a labari tukuna nake nuna musu cewa 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wato 5 sau 5, in ambaci sunan Fitagoras, masanin nan na Girka.

Rijiyar furanni ba ta ɗaukar lokaci. A kafa ƙusa, a zagaya da igiya a zana da'ira, sannan a bi bakin da'irar da wannan tsawon igiyar ana sa alama. Sau shida zai dawo inda aka fara. In aka haɗa alamomin, siffar ramin saƙar zuma ce ke fitowa. Ki share ƙasar ta yi sumul, in ba haka ba alamar ƙarshe za ta kauce.

Dayis ba ya yanke amsa, Gizo kawai yake kirawowa. In 1 ko 2 ya fito, Gizo zai zo da yaudara. Wadda na fi so ita ce da yake rantsuwa wai duk fangalin da igiya ɗaya ta kewaye, shukarsa ɗaya ce. Yaran su gwada da igiyarsu: fangali mai faɗin tazara 1 da tsawon 5 ya ci gidan shuka 5, mai 3 da 3 ya ci gidan shuka 9. Wanda ya gaskata Gizo bai auna ba ya rasa tsakuwa, wanda ya kama shi ya samu ƙari.

Dodo na ajiye a ƙarshe, a gindin darbejiyar ƙofar gida. Yana son tsawon bishiyar ba tare da an hau ba. In inuwar sanda ta kai mita 2, ta bishiya kuma mita 16, bishiyar mita 8 ce. Ki raba yaran gida biyu su auna a lokaci guda, don inuwar yamma saurin tsawo gare ta. Da an fara kiran magariba nake cewa "Ƙurunƙus," ko da Dodo bai buɗe ƙofar ba, mu ɗora daga nan wata Asabar.