Yadda ake sayen inshorar tafiya da neman diyya idan annoba ta ɓata shiri

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara saboda korona. Kafin wata ya cika, ranar 23 ga Maris, Najeriya ta rufe filayenta ga jiragen ƙasashen waje, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Maniyyaci a Birnin Kebbi ko ɗan kasuwa a Jega da ya riga ya biya tikiti da masauki, abin da ya rage masa shi ne takardar inshora, in ma ya saya. To amma inshorar tafiya ta gama-gari tana biya ne idan cutar ta kama kai kanka. Idan ƙasa ta kama har aka rufe ƙofa, galibi ba ruwanta. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan bambancin suke.

Mataki na farko: ka san wace asara kake gudu

Annoba kan ɓata tafiya ta hanya biyar. Ka kamu kafin tashi, likita ya hana ka tafiya. Ka kamu a can, a kwantar da kai. A killace ka a otal har jirginka ya tashi ya bar ka. Gwamnati ta rufe iyaka ko ta daina ba da biza. Ko kuwa kai ne ka ji labari, gabanka ya faɗi, ka fasa. Biyun farko su ake yawan biya, muddin takardar ba ta ware annoba ba. Na uku sai an rubuta shi ƙarara. Na huɗu akasari an cire shi. Na biyar ba a biyansa, domin tsoro ba ya cikin dalilan diyya.

Mataki na biyu: saya ranar da ka ba da kafin alƙalami

Inshora ba ta ɗaukar abin da kowa ya riga ya sani. Da zarar an yi shelar annoba, wanda ya saya bayan nan ya zama kamar mai neman ajiye rumbunsa a inshora alhali gobara ta kama maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin larurar gaggawa ranar 30 ga Janairun 2020, ta kira ta annobar duniya ranar 11 ga Maris, kuma kamfanoni da dama sun ja layinsu a cikin waɗannan makonni: wanda ya saya bayan ranar da suka tsayar ba shi da haƙƙin fasa tafiya. Ita ma ƙyandar biri an yi mata shelar larurar gaggawa ranar 14 ga Agustan 2024. Saboda haka ranar da ka tura wa kamfanin jirgin yawo kuɗin farko, ranar za ka sayi inshora, ba daren tashi ba.

Mataki na uku: karanta shafin abubuwan da ba a biya

Wannan shafin ya fi na farko muhimmanci, kuma shi ne ejan ba ya nuna maka. Karɓi cikakkiyar takardar sharuɗɗa, ba satifiket mai shafi ɗaya da ake haɗawa da neman biza ba. Idan Turancin ya yi nauyi, a sa wanda ya iya ya karanta. Sannan ka aika wa kamfanin waɗannan tambayoyi a rubuce, ka adana amsar:

- Idan gwaji ya nuna na kamu kwana biyu kafin tashi, za ku biya tikiti da masaukin da ba a mayarwa?
- Idan an killace ni, kwana nawa za ku biya, kuma nawa a kowace rana?
- Idan gwamnati ce ta rufe iyaka fa?
- Nawa ne iyakar kuɗin asibiti da na dawo da maras lafiya ko gawa gida?
- Nawa zan fara ɗauka daga aljihuna kafin ku biya sauran?

Akwai tarko biyu a nan. Inshorar da ake buƙata don bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, mai aƙalla yuro 30,000, ta asibiti ce da dawo da mutum gida. Ba dole ba ne ta ƙunshi fasa tafiya. Haka wadda ake haɗawa da bizar Umara: tana aiki ne bayan ka shiga Saudiyya, ba za ta maido maka kuɗin tafiyar da ba ka fara ba.

Ka kuma faɗi gaskiya kan hawan jini, ciwon suga ko asma. Idan annoba ta haɗu da tsohon ciwon da ka ɓoye, da shi za a kafa hujja a hana ka diyya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar gargajiya ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci. Tambayoyin dai ba su canza ba. Ko wanne ka zaɓa, duba sunansa cikin masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya.

A kasuwar Amurka akwai ƙarin da ake kira fasawa bisa kowane dalili. Ana sayensa cikin kwana 14 zuwa 21 da biyan kuɗin farko, a fasa aƙalla awa 48 kafin tashi, a karɓi kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari. Shi kaɗai ke biyan mai tsoro. Tambaya ko kamfaninka na da irinsa.

Mataki na huɗu: rigakafi

Mutanen Arewa maso Yammacin Najeriya ba baƙin sanƙarau ba ne. Wanda ya ɓarke a Zamfara ya bazu zuwa Kebbi da Sakkwato a 2017. Saudiyya na neman mahajjata su nuna shaidar allurarsa da aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa, haka ma katin allurar cutar shawara sai bayan kwana 10 yake fara aiki. Wanda aka mayar daga filin jirgi saboda rashin kati, sakacinsa ne a idon inshora.

Mataki na biyar: idan abin ya faru

Kada ka riga kamfanin jirgi sokewa. Idan shi ya soke, dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun ba ka damar karɓar kuɗinka ko a sauya maka jirgi. Idan kai ka fara janyewa, ka zubar da wannan haƙƙin. Ka kuma yi tunani kafin ka karɓi tikitin gaba a madadin kuɗi, domin inshora za ta ɗauka an riga an biya ka.

A ce tafiyar Umarar azumi ta ci naira miliyan 4: tikiti miliyan 1.5, masauki miliyan 1.8, biza da sauransu 700,000. Kamfanin jirgi ya maido nasa, otal ya maido rabi. Idan takardarka ta ƙunshi dalilin fasa tafiyar, abin da za ka nema wajen inshora 900,000 ne na masauki, a cire kason aljihunka. Kuɗin biza kuwa da wuya ya dawo. Mai kujerar Hajji ta hukumar alhazai lissafinsa daban: a 2020 an ba maniyyata zaɓin karɓar kuɗinsu ko barinsu zuwa wata shekara, ta hannun hukumomin jihohi.

Idan a can ka kamu, kira lambar gaggawa da ke jikin takardar kafin a kwantar da kai, ko wani ya kira a madadinka da zarar an samu hali. Tara sakamakon gwaji mai sunanka kamar yadda yake a fasfo, rahoton likita, umarnin killacewa a rubuce, wasiƙar soke jirgi, da rasit na kowane abu. Kuɗin da aka miƙa wa ejan hannu da hannu ba rasit, ba mai biyansa.

Miƙa buƙatar cikin wa'adin da takardar ta tsayar, ana ƙirgawa daga ranar da abin ya faru ko ranar dawowa. Idan an ƙi biya, nemi a rubuto maka sakin layin da aka dogara da shi, ka haɗa da amsoshin da suka ba ka tun farko, ka kai ƙorafi sashen koke na NAICOM.