Yadda Ake Haɗa Ƙungiyar Sarewar Gora Irin ta Birazil a Jos

A arewa maso gabashin Birazil, musamman a jihohin Pernambuco da Alagoas da Ceará da Paraíba, akwai kiɗan gargajiya da ake kira banda de pífanos, wanda masu busa sarewar gora biyu da makaɗa uku ko huɗu suke yi. Suna fita wasa ne a lokacin addu'o'in kwana tara na mabiya ɗarikar Katolika, da jerin gwano, da bukukuwan São João (wato Yohanna Mai Baftisma) na watan Yuni. Ƙungiyar da ta fi suna ita ce ta garin Caruaru, wadda iyalan Biano suka kafa a 1924, kuma ta ƙara fitowa fili bayan da mawaƙi Gilberto Gil ya buɗe faifansa na 1972 da kiɗanta. Tun da kiɗan ba ya buƙatar lantarki ko kayan waje masu tsada, matasa biyar ko shida a Jos za su iya haɗa irinsa su fita da shi gaban jama'a.

Aikin farko shi ne sarewa. Ana samo busasshiyar gora siririya mai dogon gaɓa, wadda faɗin raminta bai wuce kaurin babban yatsa ba, a yanke ta kimanin santimita 40. Ɗanyar gora ba ta da amfani a nan, domin tana tsukewa idan ta bushe, sautin kuma ya canza. Sarewar tana da huda bakwai, ɗaya ta baki da shida na yatsu, kuma a gicciye ake riƙe ta, ana hura iska a gefen hudar bakin. A toshe ƙarshen da ke kusa da hudar bakin da kakin zuma, sannan a gasa ƙusa ko ƙaramin rodi a wuta a huda goran da shi, kamar yadda masu yin ta a can suke yi, saboda ƙarfe mai zafi ba ya tsaga gora. A fara da hudar baki a gwada sautinta, daga nan a buɗe na yatsu ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa, kowace a fara ta ƙarama, domin faɗaɗa huda yana ɗaga sauti, kuma wadda ta yi faɗi da yawa ba ta komawa. Wanda bai sami gora mai kyau ba zai iya amfani da bututun roba na masu aikin famfo, wanda a Birazil ma ake yi da shi yanzu, sai dai da injin huda ake fasa shi, domin hayaƙin roba yana cutarwa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a yi sarewa biyun tare, daga gora mai kauri ɗaya, da awo ɗaya. Ta farko ce take riƙe waƙar, ta biyu kuma tana biye da ita da mataki biyu na sauti a ƙasa, su tafi a haka kamar zabiya da 'yar amshinta. Masu yin ta na gargajiya sukan raba hudojin yatsu da tazara kusan iri ɗaya, shi ya sa sautinta ba ya zama daidai da na fiyano. A ganina kada a ɓata lokaci wajen gyara wannan, domin shi ne ɗanɗanon kiɗan; abin da kunne ba zai jure ba shi ne sarewa biyun su saɓa wa juna.

Uwar gangunan ita ce zabumba, ganga mai faɗi marar zurfi, mai fata sama da ƙasa, wadda ake ratayawa a kafaɗa a ɗan karkace. Hannu ɗaya yana bugun fatar sama da makaɗi mai kai da aka naɗe da tsumma, ɗaya hannun yana taɓa fatar ƙasa da siririyar tsumagiya, sai a sami sauti mai kauri da mai kaifi daga mutum guda. Duk mai haɗa ganga da ya san aikinsa zai iya yin ta da fatar akuya idan aka nuna masa hoto. Sai ƙaramar ganga mai tsirkiya irin ta 'yan fareti, da faifan tagulla biyu da ake gwarawa, waɗanda ake iya arowa daga 'yan badujala na makarantu ko na majami'u.

A fara koyo da salon baião, wanda mawaƙi Luiz Gonzaga ya yaɗa a faɗin Birazil tun daga shekarun 1940. Ana raba ƙidaya takwas zuwa uku da uku da biyu: bugu na farko a danne fatar zabumba, na biyu a sake ta ta yi amo, tsumagiya kuma ta cike gurbin da ya rage. Makaɗa su zauna a kan wannan su kaɗai har sai ya daina rawa a hannunsu, kafin masu sarewa su shigo. Bayansa sai xote, mai tafiya a hankali, da kiɗan maci na shiga fili.

Ranar wasa, yanayin Jos ne zai fara gwada ƙungiyar. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin yamma a lokacin hunturu yana saukar da sautin sarewa, don haka masu busa su ɗumama ta da numfashi na wasu mintuna, su biyun a lokaci guda. Busasshiyar iskar tana tsaga gora, saboda haka a ɗaure bakunanta da zare a shafa mata ɗan mai. Da damina kuwa fata ce take saki, sai a ajiye gangunan a rana ko kusa da garwashi kafin a fara.

A shigo fili ana tafiya ana kiɗa, masu sarewa a gaba kafaɗa da kafaɗa domin su riƙa jin juna, mai zabumba a bayansu, sauran a gefensa. Mai ƙaramar ganga da mai faifan tagulla su sassauta hannu, tun da su ne suke saurin danne muryar gora. A taron da bai wuce tsakar gida ko ƙaramin zaure ba, babu buƙatar lasifika. Idan filin yana da girma, a sa makirfo ɗaya tsakanin masu busa biyun, a ɗan gefe da bakinsu don kada ya ɗauki hucin iska, a bar gangunan haka nan.