Kurakuran da Aka Fi Yi da Soson Tsotse Mai a Teku

Idan ɗanyen mai ya malala a teku, hankali kan tashi, sai a rugo da soso a jefa ko'ina. Wannan shi ne kuskuren farko. Soso ba ya iya kwashe babbar malala. A 2010, da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a mashigin tekun Meziko, kusan ganga miliyan biyar ta zube. Irin wannan sai a fara kewaye man da shinge mai iyo, injin kwasa ya ɗebe mai kaurin, sannan soso ya bi ragowar da ke shawagi kusa da gaɓa.

Wanda ya fi damuna shi ne jefa soso ba tare da shirin matse shi ba. Amfanin wanda ake sake amfani da shi ai a matsewar yake. Wani soso mai suna Oleo Sponge da cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ta fitar a 2017 ana matse shi a mayar ruwa, har man ma a tara. To amma idan babu injin matsewa da tankin zuba man a kan jirgin, soson zai cika ya yi nauyi, yana ɗiga, man ya koma inda aka ciro shi. A tanadi waɗannan tun kafin a bar tashar jiragen ruwa.

Sai jinkiri. Man da ya kwana cikin igiyar ruwa yakan cakuɗe da ruwa ya zama kamar kunu mai kauri. Ka danna soso a kai, sai ka ga ya shafe bayansa kawai, ciki a bushe. A yi aikin da wuri.

Kada kuma a haɗa soso da sinadarin tarwatsa mai a wuri ɗaya. Sinadarin yana sa soson ya sha ruwa, ya nutse da man da ya kama. Ciyawar da ake watsawa don ta tsotse mai ma haka take yi idan ta daɗe. A tsibirin Moris da ke tekun Indiya, da mai ya malala a 2020, cusa ganyen rake da gashi aka yi cikin dogayen buhuna maimakon a watsa su.

Bayan an matse, kada a jibge soson a rana. Tarin kayan da suka jiƙe da mai kan ɗauki zafi har ya kama wuta. A zuba shi cikin ganga mai murfi, a inuwa, a duba wanda ya yage a ware shi.