Ga masu son kai yara kwanan tanti a Masai Mara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata Hajiya ta yi tambaya jiya kan kwanan tanti a gandun daji da yara, to ga abin da muka gani da muka taso daga Birnin Kebbi muka je Masai Mara a Kenya.

Kafin ku biya ko sisi, ku tambaya ko sansanin na da shinge. Da yawa ba su da shi. Dare na yi sai mai gadi ya rako ku tanti da tocila, don dorinar ruwa kan fito kiwo har kusa da inda ake kwana. Mai yaro mai ƙiriniya ya nemi mai shinge kawai. Wasu sansanonin ma ba sa karɓar ƙananan yara.

Sanyi kuwa, kar ku auna shi da zafin Kebbi. Wurin tudu ne, ya haura mita 1,500 sama da teku, kuma da asuba ake fita kallon zakuna a buɗaɗɗiyar mota. Autana sai da na naɗe shi da bargon gado, ni kaina haƙora na kaɗawa. Ku ɗauki rigunan sanyi kamar na tsakiyar hunturu.

In ƙaramin jirgi za ku hau daga Nairobi, kilo 15 ne kayan mutum ɗaya, a jaka mai laushi. Kar a bar abinci cikin tanti saboda birai. Naman halal kuma a sanar da su tun kafin zuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba garkunan dabbobi ke ƙetare kogin Mara daga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya, lokacin ne kuɗin kwana ya fi tsada.